Gaisuwar Bushiya a Bakin Tafki

Ku matso nan, Ladidi da Ɗanjuma. Girma bai hana ku saurare ba. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Inna.

Wata tsohuwar bushiya ce, Tabawa, take zaune ita kaɗai a bakin tafki. Da can su biyu ne da ƙanwarta Kandala. Wata damina ambaliya ta zo ta ɗauke Kandala ta yi hayi da ita. Tabawa ba ta iya iyo ba, ba ta kuma san ko ƙanwar tana raye ba. Baƙin ciki ya hana ta cin abinci.

Rannan ta ƙunsa daddawa a ganye, ta ɗora a sakaina, ta sa a ruwa. Ta ce, "Ruwa, kai wa Kandala." Ta daki ruwan da ƙafa. Ƙananan igiyoyin ruwa suka tashi, suka yi ta faɗi, kafin su kai tsakiya suka mutu. Sakaina ta yi sama, ta yi ƙasa, tana nan inda take.

Ta sake duka da sauri-sauri. Igiyoyin suka fito a matse, wannan na bin wannan. Sakaina ta yi ta rawa, ba ta gusa ba.

Na uku ta mirgino dutse ta tura, tsulum. Babbar igiya ta miƙe ta nufi hayi. Sakaina dai ba ta bi ta ba. Can an jima sai ga igiya tana dawowa a hankali, har ta taɓa ƙafar Tabawa.

Ta ce, "Kandala, ashe kina nan."

Tun daga ranar, kullum da safe sai ta tura dutse, ta jira amsa. Ta koma cin abinci, har ta yi ƙiba.

Wata safiya zalɓe ya sauka kusa da ita.

"Gwaggo, me kike jifa? Kin kore mini kifi."

"Gaisawa muke da ƙanwata, Dogo. Matsa ka ba ni wuri."

"Daga hayin nake. Babu kowa can sai falalen dutse. Igiyarki ce take bugunsa ta juyo."

"To wa ya aiko ta, in ba mutum ba?"

"Ke kika aika. Dubi sakainarki. Ruwan ma ba ya zuwa ko'ina, motsin ne kawai yake tafiya. Gobe kar ki jefa komai, ki gani ko za a gaishe ki."

Washegari Tabawa ta zo hannu wofi. Ta zauna tun hantsi har rana ta karkata. Tafki ya kwanta lumui, ko gezau. Sai ta cusa kanta cikin cikinta, ta dunƙule, ta bar ƙaya a waje. Shi ya sa har yau in ka tunkari bushiya sai ta dunƙule. Ba ta son jin abin da ka zo da shi.

Ƙurungus kan ɓera, amma ba ku tashi ba tukuna. Zalɓe bai yi ƙarya ba, Tabawa kuma ba ta tambaye shi ba. Gyara ya yi mata, ko ɓarna? Ku manya ne, ku raba mini wannan gardama.