Zumar Gudrun

Corinne Dufresne mace ce mai kirki, wannan kam ba mai musu a ƙungiyarmu ta marasa cin nama da ke garin Duluth a Amurka. Ita ta kafa ƙungiyar, kuma in ka kwanta ciwo ita za ka fara gani a ƙofarka da tukunyar miya. Aibinta ɗaya ne: gani take ba wanda ya kai ta tsarki a kan abin da ake sa wa a baki, kuma in ta ga kuskure ba ta san ta ja mutum gefe ba, sai dai ta wanke shi tas a gaban jama'a. Na sha ce mata, "Corinne, bakin nan naki sai ya ja miki wata rana." Sai ta ce ai gaskiya ba ta da ranar hutu.

Kowace Asabar mukan shimfiɗa tabarminmu a ɗakin da ke ƙasan wani coci mu yi motsa jikin da ake kira yoga, daga nan mu ɗunguma mu gwada sabon gidan abinci. Asabar ɗin ƙarshen wata kuwa kowa daga gida yake kawo girkinsa. A cikinmu akwai irina, masu shan madara da cin ƙwai. Akwai kuma irin su Corinne, waɗanda ko abin da ya gifta ta kusa da dabba ba sa taɓawa.

Da bazara wani dattijo ya shigo mana, Orrin Tollefson. Ya haura saba'in, ya ƙare ƙuruciyarsa a jiragen ruwan da ke dakon tama a tafki. Matarsa Gudrun ta rasu, zuciyarsa ta fara ba shi matsala, likita ya raba shi da nama, 'yarsa kuma ta tasa shi gaba sai da ya zo wurinmu. Ranar farko da mai koyar da mu ta ce kowa ya sunkuya ya taɓa yatsun ƙafarsa, Orrin ya leƙa ƙasa ya ce, "Ni da su rabonmu da gaisawa tun ina saurayi. Ku dai isar musu da saƙona." Da aka zo kwanciyar hutun ƙarshe kuwa, inda ake so kowa ya yi tsit, sai ga munshari kamar an tayar da inji. Muka yi ta danne dariya har da hawaye.

A gidan abinci ma haka. Aka kawo masa awara, ya jujjuya ta da cokali ya ce, "Wa ya manta soson wanke-wanke a farantina?" Amma kafin bazara ta fita, shi ke wawushe ta kowa. Corinne ce ta fi kowa ji da shi. Ita ke zaɓa masa abinci, ita ke gyara masa zaman gwiwa, shi kuma yana kiranta Kyaftin.

Wata rana da na rage masa hanya ya nuna mini bayan gidansa, inda amyoyin zuma suke jere. Na Gudrun ne, da hannunta ta shafa musu fenti. Ya ce, "Lorna, ni fa abu biyu suka rage mini a duniya. Ran Asabar ina da ku. Sauran ranaku kuma da ƙudan Gudrun nake hira, don su ba sa katse ni." Ya faɗa da dariya, amma ni sai da na juya kai, don tausayinsa ya kama ni.

Da ƙarshen watan Satumba ya zo, Orrin ya ce wannan karon ba zai zo hannu rabbana ba, zai yi mana burodin masara irin na Gudrun. Ya yi ta kirana a waya yana tambayar me ake sawa a madadin ƙwai, me ake sawa a madadin madara, don kada ya ɓata wa Kyaftin rai. Ya ƙona tire ya fi a ƙirga kafin ya samu kansa. Ran Asabar ya shigo da shi lulluɓe da tawul, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da jariri.

Kai, burodin ya yi daɗi! Corinne ta cinye yanka guda ta ƙara, tana lashe yatsu. Ta ce, "Orrin, tsoho mai dabara! Me ka sa a ciki haka?"

Ya washe baki ya ce, "Zumar Gudrun ce. Ta bana, jiya na tace ta."

Sai Corinne ta tsaya cak. Ta ɗauki takardar goge baki ta tofar da abin da ke bakinta, kowa na kallo.

"Zuma? Zuma ka ba ni na ci?"

"To ai ba nama ba ce, Kyaftin," in ji shi.

"Sata ce!" in ji ta. "Ƙwarin nan su wahala bazara guda suna tara abincinsu, kai ka busa musu hayaƙi ka kwashe. Ka san ƙa'idar teburin nan kuwa? Mai bautar da wata halitta ba shi da kujera a nan."

Ta ɗauke tiren daga tsakiyar teburi ta ajiye shi kan kujerar bakin ƙofa. Na ce, "Haba Corinne!" Amma magana zarar bunu ce. Orrin ya miƙe tsaye. Kunnuwansa suka yi ja, ya naɗe tabarmarsa, ya lulluɓe burodinsa da tawul, ya ce, "Ku yi haƙuri, ban sani ba." Ya fita.

Bayan an watse na tare ta a wurin ajiye motoci. Na ce, "Wace ƙa'ida? Ni da ke cin ƙwai kin taɓa kora ta? Ki bi bawan Allahn nan ki ba shi haƙuri yau ɗin nan."

"In ba da haƙuri don na faɗi gaskiya? Zai huce ya dawo," in ji ta.

Bai dawo ba. Asabar ta zo ta wuce, wata ma ta wuce. In na kira shi sai ya ce mura ce. Na lura Corinne na yawan satar kallon kusurwar da yake shimfiɗa tabarma, kuma hutun ƙarshe ya zama shiru irin wanda ba wanda ya ji daɗinsa. Duk sanda na ce ta kira shi, sai ta ce, "Zan kira." Girman kai dai ya riƙe mata hannu.

Ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka, muna zaune a wani sabon gidan abincin 'yan Habasha, an jera mana wake kala-kala a faifai guda, sai ga Orrin a bakin ƙofa yana karkaɗe hula. Ya rame. Corinne ta miƙe zumbur, fuskarta fal murna, ta jawo masa kujera kusa da ita.

Bai zauna ba tukuna. Ya riƙe bayan kujerar ya ce, "Kyaftin, na gyara. Na sayar da su, duka. Yanzu ko ɗigon zuma babu a gidana. Zan iya zama?"

"Ka sayar da me?" in ji ta.

"Amyoyin. Na yi ta tunani, na ga ban iya zama ba ku. Wani mai babbar mota ya saya, zai kai su California, gonakin itatuwan almon, su riƙa barbarar furanni. Ya ce can ma aiki za su yi, sai dai ba hutu." Ya ɗan yi murmushi. "Gudrun za ta yi mini faɗa, amma ai ta saba."

Wallahi ban taɓa ganin jini ya bar fuskar mutum kamar yadda ya bar ta Corinne ba. Ta kama hannunsa da hannu biyu ta ce, "Orrin, ban ce ka sayar ba. Ban ce ba!" Sai ta fashe da kuka a tsakiyar gidan abincin mutane. Shi ne ma ya koma yana bubbuga bayanta yana cewa, "To, to, Kyaftin, ya isa. Abinci zai huce."

A ranar ta nemo lambar mai motar ta kira. Ya ce amyoyin sun riga sun yi nisa, an gwamutsa su da ɗaruruwa, ko shi ba zai iya ware su ba. Ta ce wa Orrin za ta saya masa sababbi da bazara. Ya girgiza kai ya ce, "Na gode. Amma ba za su zama na Gudrun ba."

Har yau Orrin na zuwa, kuma Corinne ce ke ɗauko shi kowace Asabar ta mayar da shi. Takan ƙara da Talata da Alhamis, wai ta biyo hanya ne. Ita dai har yanzu ba ta shan zuma, ba kuma wanda ya ce ta sha. Amma in ta tsaya a ƙofar gidansa, ba ta yarda ta dubi bayan gidan, inda ciyawa ta bar shacin wuraren da amyoyin suka zauna.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, riƙo da aƙida abu ne mai kyau, amma bai ba ka lasisin tozarta wanda bai sani ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. In ka ga kuskure, ja mutum gefe ka faɗa masa da taushi, don ba ka san abin da zai rabu da shi saboda kalma ɗaya taka ba. In kuma bakinka ya riga ya suɓuce, ka ba da haƙuri tun rana ba ta faɗi ba, domin akwai ɓarnar da haƙurin gobe ba ya gyarawa.