Sarki Mai Auna Karatu da Kunne

An ce a garin Tsamiyar Boka an yi wani sarki, Jatau, wanda bai san ko kalma ɗaya ta Turanci ba, amma da kunne yake auna karatu. Makarantar yara tana bayan fadarsa. Kullum da safe yana jin su suna rera kalmomin haɗa zance, "and, but, or, because," har garu na rawa, shi kuwa ya gyaɗa kai ya ce ilimi na shiga.

Sai aka kawo sabuwar malama, Dije, ihu ya ɗauke. Ita takan tsayar da yara biyu, kowa da guntuwar maganarsa, na uku ya shiga tsakani ya kama hannuwansu, shi ne "and" ko "but". Sarki ya kasa kunne, shiru. Ransa ya ɓaci, ya ce gobe za ta tattara kayanta.

Wazirinsa wani tsohon bunsuru ne mai magana, wanda gemu ya ba shi sarauta. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ji labarin maƙerin Gangare?"

Sarki ya ce, "Faɗi."

"Sarkin Gangare ba ya yaba maƙeri sai wanda ya fi ƙara. Da maƙerinsa Tanko ya gane haka, sai ya daina hura wuta, ya wuni yana dukan uwar maƙera ba ƙarfe a kai. Aka yi ta aiko masa da riguna. Matarsa ta ce, 'Maigida, bari in ba ka labarin Kande. Ba ta da ko ƙwayar gero, amma kullum sai ta yi ta kirɓa turmi wayam don maƙwabta su ce tana girki. Ran nan surukanta suka ji dakan tun daga bakin gari, suka ƙi cin guzurinsu, suka ba jaki. Turmin ta ajiye musu a gaba.' Tanko ya yi dariya, ya ci gaba da duka. Da ruwa ya sauka, ba fartanya ko ɗaya a garin, mutanen Gangare suka yi noma da ludayi. Ranka ya daɗe, kai ma da ludayi za ka aika jikokinka gona?"

Sarki ya aika aka kirawo jikarsa Ladiyo, ya ce ta gwada masa abin da Malama Dije ta koya musu. Ta kama hannunsa da ƙahon Waziri, ta faɗi wata magana da Turanci, ta fassara: "Kaka yana da rawani, amma Waziri yana da hankali."

Kunya ta kama Sarki. Can ya ce, "Malama ta zauna. Sai dai ni, Waziri, in ban ji ihun nan ba, barcin hantsi ba ya ɗaukata."

Tun daga ranar, fadawa ke zama a ƙofar fada da manyan rigunansu suna rera "and, but, or," yara kuwa suna can suna karatu.