Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Godiya ta tabbata ga Allah da ya sanya bayinsa na gari a tsakaninmu, tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta. Bayan haka, Shehinmu, malamin nan masani, mai tsantseni da gudun duniya, Allah ya ƙara masa yarda, mutum ne da duk garin Lafiya ya shaida iliminsa na fiƙihu da tafsiri, amma abin da ya fi ilimin nasa bayyana shi ne natsuwa. Shekara tara ina ɗaukar karatu a zaurensa, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ni Muhyiddin, abin da zan faɗa ba ji na yi ba, a kaina ya faru.

Sana'ata cajin waya ce a bakin kasuwa. Duk wanda ya kawo waya, sai in liƙa mata lamba, in ba shi 'yar roba mai irin lambar, ba kuma na miƙa waya sai an dawo mini da robar. Wata Litinin wani ya kawo waya, na ba shi lamba goma sha bakwai, ko fuskarsa ban riƙe ba saboda cinkoso. Bai dawo ba. Washegari 'yan sanda suka tsaya a kaina. Ashe wayar ta wani ɗan acaɓa ce, Terseer, wanda aka sara a hanyar Awe aka ƙwace masa babur, yana asibiti bai san inda kansa yake ba, kuma binciken wayar ya ƙare a kan teburina.

Kwana huɗu na yi a tsare kafin a ba da belina, da sharaɗin in riƙa zuwa ina sa hannu kowace safiya. Sufeto Sebastian, mai binciken, bai ɓoye mini komai ba. Ya ce, "Malam, ka yi addu'a wannan mutum ya tashi. In ya mutu, maganar kisa ne, kuma kai kaɗai muke da shi."

Na ji tsoron da ban taɓa ji ba. Masu kawo caji suka ɗauke ƙafa, abokan hira suka koma gaisuwa daga nesa. Yayar Terseer, Mwuese, kullum sai ta zo ta tsaya a tsallaken titi tana kallona. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Ƙarshe dai na haɗa 'yar jakata da niyyar in gudu Kano, na biya wurin Shehi wai in yi masa sallama, kamar mai shirin aikin Hajji.

Na same shi bayan azahar da littafi a buɗe. Ban kai ga buɗe baki ba ya dubi jakar, ya ce, "Muhyiddin, mayar da ita gida. Mai gaskiya ba ya barin gari." Ya ja carbi, sannan ya ce, "Ka buɗe shagonka kullum. Wanda ka ba lambar nan ba a sallame shi ba. Alhamis bayan la'asar zai kawo maka kayanka."

Wallahi daga wannan lokaci zuciyata ta zauna daram, domin ban taɓa jin Shehi ya faɗi magana ta faɗi ƙasa ba. Na buɗe shago, na tayar da janareta ina caza wayata ni kaɗai, maƙwabta na ta ƙus-ƙus cewa abin ya taɓa mini kai.

Ranar Alhamis bayan la'asar sai ga Sufeto Sebastian da kurata biyu. Jikin Terseer ya tsananta, an ce a mayar da ni a tsare. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni minti goma, ina da baƙo." Ya yi dariya, ya zauna a benci. Bai gama gyara zama ba wani mutum ya ratso kasuwa yana jan ƙafa, duk ya yi butu-butu, ƙafafunsa sun kumbura. Bai dubi kakin 'yan sanda ba. Ya zo ya ajiye robar a gabana, ya durƙusa yana kuka.

Ya ce, "Ku kama ni in huta. Ni na sare shi. Sau biyar ina barin garin nan. In na hau mota ta lalace, in na taka da ƙafa in yini ina tafiya, in ɗaga kai in gan ni a bakin kasuwar nan. Robar nan sau uku ina jefar da ita, ina sa hannu a aljihu in same ta."

Sufeto ya dube ni, ya cire hularsa ya ce, "Malam, wane ne malaminka?"

Da gudu na isa zauren Shehi, na zube ina godiya. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce, "Allah ne ya yi, ba ni ba. Kai an sake ka, amma bawan Allah yana can kwance. Tashi ka je ka duba shi." Kunya ta rufe ni, don tun da abin ya faru kaina kawai nake yi wa addu'a.

Na tafi asibitin. Labari ya riga ni isa. Mwuese tana zaune a gefen gadon ƙanenta, da ta gan ni sai ta miƙe, ta goge kujerar da bakin zanenta, ta tura mini. Ta ce, "Zauna, ɗan'uwa. Ka yi masa irin addu'an malaminka." Na zauna na ɗaga hannu, ita ma ta ɗaga nata. Bayan kwana shida Terseer ya buɗe ido ya nemi ruwa.

Wannan kaɗan ne daga karamomin Shehinmu, waliyyin Allah mai ɓoye kansa. Ya Allah ka ƙara masa lafiya da kusanci, ka lulluɓe mu da albarkarsa, ka kuɓutar da duk wanda ake tuhuma da abin da bai aikata ba. Amin.