Ƙarar Tabawa Matar Mai Fito

A zamanin da, a wata ƙasa ta bakin kogi, an wayi gari babu Jatau mai fito, bayan shekara guda kuma sunansa na kirki ma babu. Ruwan damina ne ya kife jirginsa. Ya fid da mutum huɗu, ya koma neman na biyar, bai sake fitowa ba.

Ana nan sai wani mai ba da labari a kasuwanni, wai shi Barmo, ya zo da sabon labari: na wani mugun mai fito, bahago, mai tauna asuwaki kullum, wanda ya ture fasinjoji cikin ruwa don ya tsira da buhun gishiri. Da yake Jatau ma bahago ne mai asuwaki, mutane suka yi ta dariya, suna cewa, "Ashe haka Jatau ya yi!" Tun daga ranar, in an ambaci sunansa ba mai cewa Allah ya jiƙansa.

Matarsa Tabawa ta kai ƙara fada, ta faɗi ta yi gaisuwa. Aka kawo Barmo.

Barmo ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ban kama sunan kowa ba. Ƙagawa na yi."

Sarki ya dubi Tabawa ya ce, "Baiwar Allah, ƙa'idarmu ita ce mai ƙara ya rantse cewa mutumin cikin labarin nasa ne. Kin rantse wannan mugun mijinki ne?"

In Tabawa ta ce shi ne, ta liƙa masa muguntar da bakinta a gaban fada. In ta ce ba shi ba ne, ƙara ta mutu. Ta sunkuyar da kai tana kuka.

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, bari in tambaye shi. Kai Barmo, masu fito sun fi ɗari. Ina ka samo bahago mai asuwaki?"

Barmo ya ce, "Jatau kaɗai na taɓa kallo da kyau. Wata shekara zazzaɓi ya kayar da ni a mashigi, ya haye da ni, ya lulluɓe ni da rigarsa. Da na zo ƙaga mai fito, hannunsa na gani. Muguntar kuwa tawa ce."

Tabawa ta ɗago ta ce, "Rigar mai ratsin baƙi? Ya ce mini ruwa ya tafi da ita. Ashe kai ne ruwan!"

Sarki ya ce, "Ba ni da dogarin da zai bi kunnuwa ya ƙwato labari. Amma duk kasuwar da ka faɗi wancan, ka koma ka faɗi na rigar, da na mutum huɗun nan, ka kama sunan Jatau da ƙarfi."

Barmo ya bi umarni, bai tsallake kasuwa ko ɗaya ba. Sai dai labarin gaskiya ba abin dariya a cikinsa. Kafin ya kai rabi mutane sun watse, wasu na cewa, "Kai, ba mu na gishirin!"

Tabawa takan tsaya a bayan taro da ƙwaryar daddawarta, ta saurara har ƙarshe, sau da yawa ita kaɗai. Ran nan a Kasuwar Laraba wata tsohuwa ta tsaya tare da ita. Da Barmo ya gama, tsohuwar ta ce, "Allah ya jiƙan Jatau." Tabawa ta so ta amsa, murya ta ƙi fita.

Ni ma mai ba ku labarin nan na binne nawa mamacin, na san wanda ke kwance ba ya tashi ya ce ƙarya ake masa. Don haka ku taya Tabawa amsawa. Allah ya jiƙan Jatau, ya jiƙan namu da naku, ya kiyaye sunayensu daga bakunanmu. Ku ce amin.