Gafiya da Gyaɗa Dubu da Ɗaya

An yi wata Gafiya mai kwaɗayi wadda ba ta noma, ba ta roro, amma duk inda za a yi rabo sai ta je ta ce ita ce mai rabo. Al'adar dajin kuwa, mai rabo ba ta da kashi, sai abin da ya yi saura. Da wannan saurar take cika cikinta.

Wata rana kuregu bakwai suka gama roron gyaɗa. Babbansu Kurege, sarkin tsokana, ya ƙirga tarin, ya sami dubu cif, da ƙwaya ɗaya a gefe.

Ya ce, "Wannan ɗayar sadaka ce, a kai wa tsohuwa Bushiya."

Gafiya ta yi tsalle ta dire. "Wace sadaka? Ku zuba ta cikin tari! Dubu cika ce, tana iya rabuwa ta bar ni hannu rabbana. Dubu da ɗaya kuwa mara ce, taurin kai gare ta, dole ta bar saura."

"Hajiya Gafiya, ki yi tunani."

"Tun kakanka bai yi wutsiya ba nake rabo!"

Aka zuba. Ta kasa kashi bakwai, kowa ya sami ɗari da arba'in da uku. Ta duba ƙasa, wayam.

"Ban yarda ba! Ina ɓerayen nan huɗu da suka taya ku ɗauko? Za ku ci haƙƙinsu?"

Ran nan ce rana ta farko da aka ji tausayin wani ya kama Gafiya. Aka kira ɓeraye, aka zama sha ɗaya, aka sake haɗa tari. Kowa ya kwashi casa'in da ɗaya, ko ɓawo bai rage ba.

Gafiya ta sake cewa, "A kira Bushiya da jikarta! Tsofaffi albarka ne."

Aka zama sha uku. Ta sake rabawa, kowa saba'in da bakwai, tari ya ƙare tas. Bushiya ta ɗaure nata tana ta sa mata albarka.

Kurege ya yi dariya har da riƙe ciki. "Biyu kam ta gagara, Hajiya, amma tsakaninta da bakwai da sha ɗaya da sha uku sai zumunci. Da kin bar ta dubu, da shida kin samu a rabon farko, goma a na biyu, sha biyu a na uku. An ce Gafiya tsira da na bakinki, to ke yau me ke bakin?"

Gafiya ta shige rami da yunwarta, ko sallama babu.

Darasin wannan labari shi ne, kwaɗayi mabuɗin wahala. Wanda ya hana ɗaya ta fita sadaka, yana iya rasa sha biyun da ke jiransa.