Sunan Jikan Inna Tabawa

Ku matso kusa ku saurara, don ku za ku yanke hukuncin nan, ba ni ba.

Tun ranar da kogi ya ci mijinta, Inna Tabawa ta hana ɗanta Ilu ko wanke ƙafa a bakin ruwa. A ganinta tsari ke nan. Har ya yi gemu ya yi aure bai iya iyo ba, alhali gonarsu tana tsallaken kogi.

Da rani, abokinsa Zakari masunci ya riƙa jan sa mashayar kogi a ɓoye. Bai samu ya koya masa iyo ba, abu ɗaya ya nace masa: in ruwa ya ɗauke ka kada ka yi kokawa da shi, ka kwanta rigingine, ka buɗe hannuwa. Da Tabawa ta ji, har gida ta bi Zakari ta wanke shi tas, ta daina amsa gaisuwarsa.

Damina ta yi nisa, kwana uku da haihuwar matar Ilu, kwalekwale ya kife da shi. Zakari ba ya ma gari. Amma Ilu ya tuna, ya kwanta, ruwa ya yi ta tafiya da shi hancinsa a sama.

Shu'aibu mai wanki ne ya hango shi. Shi ma bai iya ruwa ba, bai kuma yi gangancin faɗawa ba. Ya kwance igiyar shanya, ya ɗaura wa gora, ya bi gaɓa da gudu yana jifa. A jifa na huɗu Ilu ya cafke, ya naɗe igiyar a hannu. Dab da gaɓa igiyar ruwa ta danna shi ƙasa, aka jawo shi ba numfashi.

Tabawa ta iso ba ko takalmi. Mutane suka girgiza shi, suka fara salati, ita da hannunta ta lulluɓe shi da mayafinta. Sai ga Ɗahiru direba, wanda ya taɓa koyon taimakon gaggawa a tasha. Ya yaye mayafin.

"Ka bar min ɗana ya huta!" in ji Tabawa, tana dukan bayansa.

"Yi haƙuri, Inna, bari in gwada."

Ya hura masa iska a baki, ya yi ta danna ƙirjinsa, gumi na zuba, har Ilu ya yi tari ya amayo ruwa.

Da ya warware, Ilu ya ce uwarsa ce za ta zaɓi sunan jaririn, a cikin mutum ukun nan. Kunya ta rufe Tabawa: ɗaya ta zage shi, ɗaya ta doke shi, ɗayan ko gode masa ba ta tuna ta yi ba. Ga liman ya zauna, ga rago a ɗaure, kowa ita yake kallo.

To jama'a, sunan wa za a raɗa wa yaron nan: Zakari, Shu'aibu, ko Ɗahiru?