Ƙwaryar da Ba a San Mai Ita Ba

An yi wani mutum, shekaru da dama da suka wuce, wani bawan Allah ana ce masa Malam Tanimu. Garinsu ba zan faɗi sunansa ba. A garin akwai wata ƙungiya ta masu aikin hannu: masaƙa, dukawa, marina da masu zanen ƙwarya. Ba don riba suka kafa ta ba. Zaure ɗaya gare su, nan suke baje abin da suka yi, duk mai son koyo kuma ya zo ya koya kyauta. Malam Tanimu ne shugabansu.

To ga abin mamaki, jama'a. Shugaban nan bai iya saƙa ba, bai iya rini ba, bai taɓa zana ko ludayi ba. Shi dai ya buɗe zaure, ya raba wa kowa wurin zama, ya sasanta masu faɗa, ya je ya roƙo musu kwano idan rufi ya fara yoyo. Sai kuma tambaya. Mutum ne mai tambaya. In ya ɗauki abu sai ya ji wa ya yi shi, da me, kwana nawa.

Wata shekara sai ga wata mata daga birni, Hajiya Ladidi, wadda ke shirya babban baje kolin aikin hannu. Ta zagaya zauren har ta kai kan wata ƙwarya a lungu. Ta ɗauka, ta juya ta, ta sake juyawa. Ta ce saboda wannan ƙwaryar za ta ba ƙungiyar rumfa guda a baje kolin, kowa ya kai kayansa duniya ta gani. Sharaɗinta ɗaya: ya zama ɗan ƙungiya ne ya yi ta. Ta ce za ta dawo bayan wata guda.

Ku saurara. Da ta tafi aka tambayi masu zanen ƙwarya ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce ba aikinsa ba ne. Ba wanda ya san yadda ta shigo zauren. 'Yan ƙungiya suka ce ai abin mai sauƙi ne, tunda a zaurenmu aka same ta, a ce tamu ce, a wuce wurin. Malam Tanimu bai yi musu gardama ba. Cewa ya yi kawai su bar shi ya bincika, don shi abin ya tsaya masa a rai.

Ya kai ƙwaryar wurin Baba Sambo, tsohon da ya fi kowa daɗewa a sana'ar. Tsohon ya shafa zanen da babban yatsa, ya ce yankan wuƙar duk ya karkata ta ɗaya gefen, wannan aikin bahago ne. Kuma babu bahago a ƙungiyar.

Sai Malam Tanimu ya ɗaure ƙwarya a bayan keke ya shiga kasuwanni. Ya tambayi masu sayar da ƙorai, suka ce ba su sani ba. Ya tambayi gyartai mai ɗinkin ƙwarya, ya ce bai taɓa gani ba. Mako uku yana yawo. Ranar wata kasuwa ya tsaya shan fura, sai ya ga ludayin da ke hannunsa da irin zanen sak. Mai furar ta ce wurin wata mata ta saya, daga wani ƙauye hayin rafi.

Ya je ƙauyen. Aka nuna masa gida, ya yi sallama, aka ce ya shigo. Wa zai gani zaune a inuwa, ƙwarya matse tsakanin gwiwoyinsa? Barau.

Barau yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar. Ranar da aka zaɓi Malam Tanimu, Barau ne ya miƙe a gaban jama'a ya ce ba zai bi shugaban da bai san yadda ake riƙe wuƙa ba, ya kwashe kayansa ya bar garin. Bayan haka ciwo ya shanye masa ɓarin dama. Shekara shida ya yi yana koya wa hannun hagu abin da na dama ya sani. Matarsa ce ta faki ido ranar kasuwa ta ajiye ƙwaryar a zauren, don tana so ko mutum ɗaya ya gani.

Barau ya ce, "Tanimu, ka zo ka ga yadda na koma ne?"

Ya ce, "Hannun da ya yi wannan na zo gani. Ta yaya ka koya masa?"

Barau ya fara bayani, ya nuna masa yadda yake danne ƙwarya da gwiwa, yadda ya sa maƙeri ya juya masa bakin wuƙa. Suka wuni a kai. Da aka zo maganar Hajiya Ladidi, Barau ya ce shi ba zai dawo ƙungiya ba, su dai su ce tasu ce, ya yafe. Malam Tanimu ya ce, "Kai ka yafe. Ita da za a gaya wa abin da ba haka ba fa?" Ya nemi izinin faɗar sunansa, Barau ya ce ya yi yadda ya ga dama.

Hajiya Ladidi ta dawo, Malam Tanimu ya gaya mata komai a gaban 'yan ƙungiya. Ta tafi da ƙwaryar da sunan Barau, rumfa kuma ta ba wani gari. 'Yan ƙungiya suka yi fushi ƙwarai, har suka sauke shi daga shugabanci. Ya miƙa makulli. Washegari ya zo ya zauna tare da masu koyo.

Bayan wata biyu aka wayi gari Barau ya iso bisa jaki. Bai ce ya dawo ƙungiya ba, bai nemi gafarar kowa ba. Ya ce akwai kuturu ɗaya da gurgu biyu a ƙauyensu da suke son koyon zane, gidansa kuma ya yi kaɗan, ko za a ba shi lungu. Aka ba shi. Shugabanci dai bai dawo wa Malam Tanimu ba har Allah Ya karɓi ransa.

To jama'a, ga abin da nake so ku riƙe. Wanda aka ɗora kan aikin mutane, amanar sunayensu ma tana wuyansa. Da yawanmu nan muna da kwamiti, na masallaci, na makaranta, na unguwa. Aiki ya yi kyau, sai mu ce mu ne, wanda ya yi gumin ba a ko ambace shi ba, balle in mun taɓa saɓawa da shi. Ku tambaya wa ya yi. In kun gano, ku faɗi sunansa, ko da faɗin zai raba ku da kujera. Allah Ya ba mu ikon yi.